Wa Ya Zaɓi Injin Kaka?

Kaka ta mutu ne ranar wata Asabar da hantsi, a daidai kwanar shiga unguwar Bulumkutu a Maiduguri, kuma ta yi irin mutuwar da ta dace da shekarunta. Ta yi tari, ta saki wani farin hayaƙi ta ƙarƙashin bonet, sannan ta gangara da kanta zuwa inuwar dalbejiya ta tsaya. Malam Ba'ana, wanda ke riƙe da sitiyari, ya murɗa makulli ya ji wata ƙara kamar an zuba cokula a turmi ana daka. Bai sake murɗawa ba.

Kaka jif ce, irin dogayen nan masu giyar oziliyari, wadda ke sa ƙafafu huɗun su ja tare idan an shiga yashi ko taɓo. Shi da amininsa Malam Dzarma suka haɗa hannu suka saye ta a gwanjon ma'aikatarsu, tun gashinsu na baƙi. Yanzu duk sun yi ritaya, gidajensu na kallon juna, motar kuwa tana mako a wannan ƙofar mako a waccan.

A duk shekarun nan ba su taɓa sa-in-sa a kan kuɗin mai ko na gyara ba. Abin da ke tsakaninsu ya fi wannan tsanani. Duk abin da mutum ya zaɓa aka saka wa motar, to sunansa yake ci har ya lalace, bayan ya lalace ma bai tsira ba. Akwai batirin Dzarma. Akwai fitilun Dzarma. Akwai kuma tayoyin Ba'ana, waɗanda ya kafe ya ce sun fi kowanne ƙarko, ɗaya ta fashe da su a hanyar Konduga. An daɗe da sauya tayoyin nan, amma har gobe idan aka yi baƙo a majalisa sai Dzarma ya ba shi labarinsu, da ƙarar fashewar da komai.

Aka ja Kaka zuwa garejin Taufiq, makanikin da ya fi likita sanin cikinta. Ya buɗe, ya leƙa, ya goge hannu da tsumma.

"Baba, wannan ba gyara ba ne, jana'iza ce. Bulok ɗin injin ya tsage. Sai dai a ɗaura wani injin."

Da a wani lokaci ne, da an ja ta gefe an rufe ta da tamfol sai sanda hali ya yi. To amma bikin Kezia ya matso. Kezia ita ce 'yar autar Dzarma, ma'aikaciyar jinya, wadda rabin tasowarta a tsakar gidan Ba'ana ta yi, har ta fi 'ya'yansa iya haɗa turaren wuta. A ƙauyen su Dzarma da ke bayan Biu za a ɗaura auren, a ƙarshen damina, kuma daga bakin kwalta zuwa can hawa ne da duwatsu da wani rafi marar gada. Ba'ana kuwa ya riga ya bugi ƙirji a gaban jama'a cewa shi da kansa zai kai amarya ƙofar coci a cikin Kaka. Namiji mai shekara sittin ba ya tuna inda ya ajiye tabaransa, amma alkawarin da ya yi a gaban mutane yana nan a kansa kamar hula.

"Iri uku za su zauna a cikinta," in ji Taufiq. "Akwai na dizal, tsohon yayi, ba turbo. Ba ya gudu, amma ba ya gajiya. Akwai na fetur na zamani mai ƙwaƙwalwa, shiru kamar ɓarawo, ba ya shan mai sosai. Sai kuma irin wanda ya mutu ɗin nan, na fetur mai kafireto."

"Na ukun nan cire shi," in ji Ba'ana. "Mun gaji da shayar da shi."

"A nan kam bakinmu ɗaya," in ji Dzarma.

A nan bakin nasu ya tsaya da zama ɗaya. Ba'ana ya ce dizal. Dzarma ya ce mai ƙwaƙwalwa.

Duk yammacin duniya, da an idar da sallar la'asar, sai su shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Ba'ana su ɗora daga inda suka tsaya. Ba'ana, wanda bai taɓa sauya ko filogi da hannunsa ba, ya zama malamin dizal. Ya ce injin dizal ba shi da filogi balle ya jiƙe, ba shi da sensa balle ta yi fushi, ka ba shi baƙin mai a kan lokaci kawai ya binne ka ya binne 'ya'yanka.

"Ya binne ka kam," in ji Dzarma. "Ka je gidan mai ka tambayi dizal ka ji. Kuma ranar da famfonsa ya lalace ko nozul suka toshe, wa zai taɓa maka? Mutum nawa ne a garin nan suka iya? Sai ka cire shi ka rungume kamar jariri ka hau motar Kano."

"Naka fa? Bayan ambaliyar da ta ci garin nan ba ka ga yadda aka jera masu ƙwaƙwalwa a gareji ba? Ruwa ya ɗan shafi ƙwaƙwalwar, shi ke nan mota ta manta sunanta. Fitila ɗaya ta kama a gabanka, sai an kira yaro da kwamfuta ya zo ya gaya maka abin da ke damunta, ka biya shi kuɗin gaya maka, gyara kuma daban."

"Aƙalla shi yana faɗin abin da ke damunsa. Naka sai dai hayaƙi. Kana so 'yata ta sauka a ƙofar coci tana warin janareto?"

Haka suka yi ta yi. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani direban keke napep ya goyi bayan Ba'ana, mai shayin bakin layi ya goyi bayan Dzarma, har majalisar ta rabu biyu. Ba'ana ya daɗe bai ji daɗin rayuwa irin na kwanakin nan ba. Cin abincinsa ma ya ƙaru.

Daren jajibirin zuwa sayen injin, yana cin burabusko da miyar kuka yana maimaita wa matarsa Ya Kaltum yadda ya ƙure Dzarma a kan maganar sensa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsintar wake ba:

"To Allah ya ba ka nasara, Malam. Taya ɗaya ma ka ga yadda ka ƙare. Yanzu kuma inji sukutum za a sa wa sunanka."

Loma ta tsaya masa a hannu. Ya hango abin tar: Kaka ta tsaya a tsakiyar rafi, amarya a ciki da farar riga, dangin ango a kan gaɓa suna kallo, Dzarma kuma yana gyara murya yana cewa, injin Ba'ana ne. Ya hango labarin yana bin sa majalisa bayan majalisa, har ranar da za a zo zaman makokinsa a ba da shi a hankali. Ya ajiye lomar, ya wanke hannu.

Da safe suka ɗauki Taufiq suka nufi wajen masu sayar da injuna a hanyar Baga. Mai shagon, Victor, ya yi shekaru da yawa a Maiduguri har yana ciniki da Kanuri. Ya tare su da "Wushe, wushe, manyan baƙi!", ya sa aka jawo injuna. A wurin nan ba a sayen inji a kan magana. Ana ɗora shi a kan tsohuwar taya a ƙasa, a jona batir, a tsoma tiyo a galan ɗin mai, a tayar da shi tsirara a gaban mai saye, ya saurara da kunnensa.

Aka tayar da na dizal. Ƙasa ta ɗauki rawa, tattabarun da ke kan rufin kwano suka watse. Aka kashe shi, aka tayar da mai ƙwaƙwalwa da wayoyinsa jibge a gefe. Sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki.

Ba'ana ya yi gyaran murya. "Malam Dzarma, na kwana ina tunani. Gaskiya ɗaya ce, kai ka fi ni hangen nesa. Ji yadda yake numfashi. Mu ɗauki naka."

Dzarma ya dube shi ta saman tabarau. "Ikon Allah. Ni ma ban yi barci ba. Ba'ana, ka ji ƙarfin dizal ɗin nan? Wannan ai ko dutsen Biu aka ɗaura masa zai ja. Ka yi gaskiya tun farko. Naka za mu ɗauka."

Ba'ana ya gane nan take cewa a gidan da ke kallon nasa ma an yi tsintar wake jiya.

"Haba, dizal da tsada haka? Kai da bakinka ka faɗa."

"Tsada a gidan mai, sauƙi a hanya. Kai ka koya mini."

"Famfon fa? In ya lalace sai Kano."

"Kano nisa ce? Ina da suruki a Sabon Gari. Amma ƙwaƙwalwar nan, Ba'ana, ga rafi a gabanmu. Ruwa ya taɓa ta mun shiga uku."

"A naɗe ta a leda!"

"Kai ne babba, ka girme ni. Ba zan zaɓa a gabanka ba."

"Da wata nawa na girme ka? 'Yarka ce za ta yi aure, kai ke da magana."

"'Yata? A gidan wa ta tashi?"

Victor ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Oga, tun da nake kasuwa ban taɓa ganin haka ba. Kowa na tallar kayan abokin faɗansa. Ku ɗauki biyun mana, in yi muku ragi."

Sai dukansu suka juya ga Taufiq a lokaci ɗaya, da fuskar lallashi.

"Taufiq, ɗana, kai ne masani."

Taufiq ya ja da baya har ya taka tiyo. "A'a, Baba. Ni ɗaurawa nake yi. Na san ku. Har yau ina jin labarin tayoyin nan, kuma ni na ɗaura su."

Suka koma gida a keke napep, ba inji, kowa na kallon nasa gefen titin. Zaman dalbejiya ya mutu. Idan sun haɗu sai gaisuwa mai tsawo da ladabi, irin wadda ba su taɓa yi wa juna ba. Kaka na can gareji a kan duwatsu, bonet a buɗe, akuyar maƙwabta na kwana a ƙarƙashinta.

Ana haka Kezia ta shigo gidan Ba'ana wata yamma daga wurin aiki, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna kusa da Ya Kaltum tana taya ta yankan kuɓewa.

"Baba, kada ka damu da maganar motar nan," in ji ta. "Dangin Othniel sun ce akwai tarakta a ƙauyen. Za a wanke tirelar a shimfiɗa katifa, a ɗauke ni daga bakin kwalta."

Othniel shi ne angon. Ta faɗi maganar a sauƙaƙe, tana yankan kuɓewarta, ba gori a ciki. Da ma gorin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Tarakta," in ji Ba'ana.

"Sabuwa ce, Baba. Ja."

Ya saka hula, ya tsallaka titi, ya yi sallama a ƙofar Dzarma.

"Fito. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ban da wa'azi. A ƙauyenku, wa ke da sifana?"

Dzarma ya yi tunani. "Akwai mai gyaran babur. Akwai mai gyaran injin ban ruwa da na niƙa."

"Mai kwamfuta fa?"

"Ko sabis na waya sai an hau dutse."

"Mai gyaran famfon dizal?"

"Babu."

"To ni da kai mun ɓata bakinmu muna neman injin da ba ya lalacewa. Duk tsofaffi ne, daga wata ƙasar aka kwance su, kowanne da ranarsa. Ni yanzu wanda nake so shi ne wanda in ya lalace a gaban mai gyaran babur, zai gane shi. Mai kafireto za mu ɗauka."

"Mashayin?"

"Shi."

Dzarma ya gyara tsayuwa, idonsa ya kawo haske. "Wa ya zaɓa?"

Ba'ana ya yi ƙasa da murya. "Ni."

"Ban ji ba, wata mota ta wuce."

"Ni na zaɓa!"

Dzarma ya ƙwala wa mai shayi kira ya zo ya zama shaida.

Taufiq ya ɗaura injin, ya ɗaga bututun shan iska sama saboda rafi, ya sauya tiyo da bel. Kayan gyaransa kuwa duk shagon da aka leƙa akwai, har Victor ya ba su filogi kyauta don murnar rabuwa da su.

Ranar tafiya suka kama hanya da sassafe ta Damaturu. Ba'ana na tuƙi, Dzarma a gefensa, Kezia da Ya Kaltum a baya, rigar amarya a rataye cikin leda, tukwane da akwatuna a kan rufi. Matar Dzarma da sauran dangi sun riga sun yi gaba. Ba su yi nisa ba allurar mai ta fara sunkuyawa.

"Injinka na jin ƙishirwa," in ji Dzarma.

Aka sha mai a Damaturu. Aka ƙara a Biu.

"Injinka ya sake jin ƙishirwa. Kezia, ko za ki duba shi? Wataƙila ciwon suga ne."

Ba'ana ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya yi ta salati a zuci.

Bayan sun sauka daga kwalta, a tsakiyar wani hawa mai duwatsu, Kaka ta fara shaƙewa. Ta yi gaba, ta yi tsaki, ta mutu.

"To," in ji Dzarma, yana naɗe hannun riga kamar mai shirin cin tuwo. "Ya Kaltum, ke shaida ce. Kezia, ke ma."

A ƙasan hawan akwai 'yar rumfa da babura a jingine. Mai rumfar, wani dattijo mai hular sanyi, ya hauro da sukundireba a aljihu. Ya leƙa, ya yi murmushi kamar ya ga ɗan garinsu, ya kwance kafireto, ya wanke shi da fetur a gwangwani, ya hure wata 'yar ƙofa da baki, ya mayar. Datti ne daga mai. Kafin Ya Kaltum ta gama raba ƙosai Kaka ta tashi. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin ƙosan ba.

"Ka gani?" in ji Ba'ana.

"Na ga ya mutu," in ji Dzarma. "Tashinsa kuma aikin bawan Allahn can ne."

Suka iso rafin da la'asar sakaliya, suka tarar da taro. Ruwan sama ya sauka a kan duwatsu da daddare, rafin ya kawo har gwiwa. A tsakiyarsa wata doguwar mota ce mai ƙyalli, ta yayan ango da ya zo daga Abuja, ta nutse har ƙofa a yashi. A cikinta akwai mahaifiyar ango da faston da zai ɗaura auren, ya ɗaga takalmansa sama. Taraktar nan ja kuwa an tafi da ita gona tun safe.

Ba'ana ya sauka ya kulle ƙafafun gaba don su ma su ja, ya dawo ya ja giyar oziliyari. Ya ce bismillah, Dzarma ya ce Yesu ka taimake mu, Kaka ta sa kai cikin ruwa tana gurnani. Ta wuce motar Abuja ta haye gaɓa, ruwa na zuba daga cikinta. Samari suka ɗaura igiya. Ba'ana ya taka a hankali, igiya ta miƙe, injin ya yi wani kuka daga can cikin cikinsa, sai ga motar Abuja tana fitowa kamar ana zare ƙaya. Mata suka ɗau guɗa. Fasto ya sauka ba takalmi ya rungume Ba'ana, sannan ya shafa bonet ɗin Kaka.

Washegari Ba'ana ya tsayar da Kaka a ƙofar coci, an ɗaura mata furanni a madubi. Ya zagaya ya buɗe wa Kezia ƙofa. Ta riƙe hannunsa ta sauko, ta ce, "Usa, Baba," wato ta gode da harshensu, shi kuwa ya shiga neman hankici yana cewa turaren Kaltum ne ya shige masa ido.

A wurin liyafa ba a maganar komai sai ta rafi. An zaunar da Ba'ana a rumfar manya da kwanon shinkafa da naman ragon da aka sa shi ya yanka da hannunsa. Yana cikin ci ya jiyo muryar Dzarma a bayansa, dangin ango sun kewaye shi.

"Ai mota inji ce. Mutane da yawa ba su sani ba. Aka kawo mana na dizal, aka kawo mai ƙwaƙwalwa, na ce a'a. Na san hanyar garinmu. Na san wa ke da sifana a nan."

"Kai ka zaɓa ke nan, Baba?" in ji yayan ango.

"To, an yi shawara. Amma in ana maganar wanda ya ba da bayanin da aka yanke hukunci a kai..."

Ba'ana ya ajiye cokali. Ya tashi a natse, ya je wurin mai gabatarwa ya ari makirfo, ya buga shi da yatsa har lasifika ta yi ƙara.

"Jama'a, salamu alaikum. Jiya an yi ta yaba mini a bakin rafi, ni kuwa tuƙi kawai na yi. Bai kamata a ci haƙƙin mutum a ranar auren 'yarsa ba. Malam Dzarma, zo ka gaya wa mutane da bakinka, wa ya zaɓi injin nan?"

Tafi ya tashi. Dzarma ya taso yana gyara babbar riga, ya karɓi makirfo. Sai da ya buɗe baki ya ga fuskar amininsa, ya ga mai ɗaukar bidiyo ya saita shi, ya tuna kuma akwai hanyar komawa Maiduguri, da rafin, da hawan, da gidajen mai. Ya rufe makirfon da tafin hannu.

"Ba'ana, Allah ya isa."

"Suna jiranka, uban amarya."

Dzarma ya dubi surukansa da suka miƙe tsaye, ya dubi fasto da ke gyaɗa masa kai. Ya cire hannu daga makirfon.

"Ni ne," in ji shi.

Makaɗa suka saki ganga. Ba'ana ya koma kujerarsa, ya jawo kwanonsa, ya ce wa mai rabon abinci in akwai sauran nama a ƙara masa.